Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Ƙudan Zuma Bai Daina Saƙa Ba

Martani ga masu cewa kiɗan jaz ya mutu

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin 'yan tsirarun masu sauraren kiɗan jaz a birnin Kano, har ta fara leƙowa cikin jami'a. Wai kiɗan jaz ya mutu tun ranar da John Coltrane ya kwanta dama a 1967, duk abin da ya biyo baya hayaniya ce kawai da neman abin sawa a bakin salati. Akwai kuma wata maganar, ƙanwar ta farkon, wadda ita kuwa a bakin 'yan'uwana ɗaliban Hausa nake jin ta. Su cewa suke yi, ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mai nazarin harshen Hausa da bushe-bushen Amurkawa? Ni kuwa na ce duka maganganun nan biyu ba su da tushe balle makama. A ɗan wannan fili da aka ba ni zan bi su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan in nuna cewa ciwo ɗaya ne ke damun masu yin su, kuma ciwon nan shi ne yake cin kiɗanmu na gida a yau.

Kafin wani ya ce yaro ne ke magana, bai san tsohon hannu ba, bari in faɗi inda na fito. A Ƙofar Nassarawa aka haife ni, a gidan da kawuna ya tara faya-fayan garmaho cike da adaka guda. Louis Armstrong da Duke Ellington da Charlie Parker da Miles Davis suna kwance a ciki, kafaɗa da kafaɗa da Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Tun ban iya karanta abin da ke jikin kwalin ba na san sautin Kind of Blue na 1959, kuma har gobe idan raina ya ɓaci A Love Supreme nake sawa. Daga baya ne, ta cikin wayar hannu, na ci karo da Kamasi Washington da Nubya Garcia da Ezra Collective da Nduduzo Makhathini. Da na ji su ban jefar da adakar kawu ba, kuma ban ga dalilin jefar da ita ba. Abin da na gani shi ne jikokin mutanen da ke cikin adakar nan suna raye, suna sana'ar kakanninsu. Watau dai da son tsohon nake wannan magana, ba da ƙinsa ba.

Jana'izar da aka sha yi

Abu na farko da nake so dattawanmu na majalisar faifai su tuna shi ne, ba su ne farkon masu yi wa jaz jana'iza ba. An sha haƙa masa kabari, shi kuwa yana tsaye cikin 'yan zaman makoki yana busa.

Wannan kiɗa ya taso ne a birnin New Orleans a farkon ƙarni na ashirin, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, aka kuma fara ɗaukar sa a faifai a 1917. A shekarun 1930 ya zama kiɗan rawa na manyan ƙungiyoyi irin ta Ellington da ta Count Basie. Tun a nan wasu suka fara ƙorafi wai an bar tafarkin New Orleans. Sa'ad da Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk suka zo da salon da ake kira bibop a shekarun 1940, mai sauri da sarƙaƙiya, sai ƙura ta tashi. Armstrong da kansa ya soki salon a fili. A Faransa kuwa, mashahurin mai sharhin nan Hugues Panassié ya dage cewa wannan ba jaz ba ne sam, har gardamar ta raba shi da abokin tafiyarsa Charles Delaunay a 1947. To, Parker ɗin nan da aka kora daga gida jiya, yau shi ne dattawanmu ke rantsuwa da shi.

Shi kansa Coltrane da ake cewa da shi aka rufe ƙofa, bai tsira ba. A 1961 wani mai sharhi ya rubuta a mujallar DownBeat cewa abin da yake busawa tare da Eric Dolphy kishiyar jaz ne. Miles Davis ya fitar da Bitches Brew a 1970 da kayan kiɗa masu aiki da lantarki, aka ce ya sayar da mutuncinsa. Mai karatu ya duba da kyau: kowane zamani yakan ɗauki abin da ya ji yana saurayi ya ce nan ne iyaka, ya manta cewa iyayensa sun toshe kunne da jin wannan abin. Ashe ke nan masu cewa jaz ya mutu a 1967 ba ranar mutuwar jaz suke faɗa mana ba, ranar da suka daina saurare suke faɗa mana.

Laifuffuka uku da ake ɗora wa na yau

Idan aka matsa wa masu wannan ra'ayi, laifi uku sukan kawo. Bari mu auna su.

Na farko, wai 'yan yanzu suna ɗebo kiɗan titi, irin su hip-hop da afrobit, suna cusawa cikin jaz. Gaskiya ne suna yi. Robert Glasper ya yi haka a Black Radio na 2012, Kamasi Washington kuma ya yi busa a faifan Kendrick Lamar na 2015. Amma yaushe ne jaz bai yi haka ba? Parker ya ɗauki ginshiƙan waƙoƙin da ake yayi a zamaninsa, irin su Cherokee, ya gina nasa a kai. My Favorite Things da Coltrane ya busa na kusan minti 14, wadda dattawanmu ke lumshe ido in an sa ta, daga wani wasan kwaikwayo na dandalin Broadway ya ɗauko ta. In aron kiɗan kasuwa laifi ne, to, sai mu fara kama Coltrane kafin mu kama jikokinsa. Abin tambaya ba daga ina aka ɗebo ƙasa ba ne, wace irin tukunya aka gina da ita?

Na biyu, wai jaz na yanzu kiɗan rawa ne, alhali jaz na gaske a zaune ake jin sa, ana kaɗa kai. Haba jama'a! Da me aka yi ta taka rawa a zauren Savoy na unguwar Harlem shekara da shekaru? Rawa ita ce cibiyar wannan kiɗa tun daga dandalin Congo Square, inda bayi kan taru ranar Lahadi su yi kiɗa su taka. Zaman shiru daga baya ya zo. Don haka idan samarin London suka tashi jama'a tsaye, gida suka komo.

Na uku, wai sun shigo da na'urori da kwamfuta. Nan ma sai in yi tambaya: wane kayan kiɗa ne aka haifa tare da jaz? Saksofon ɗin da muke girmamawa, wani mutumin Beljiyam ne mai suna Adolphe Sax ya ƙera shi a shekarun 1840, kuma 'yan badujalar soja ne suka fi amfani da shi kafin baƙaƙen Amurka su koya masa magana. A nan gida kuwa, da gwangwanin kifi ake haɗa kuntigi, amma wa zai ce Ɗan Maraya Jos ba Hausa ya kaɗa ba? Kayan kiɗa bawa ne, hannun da ya riƙe shi ne ubangida.

Ba na musun cewa a cikin abin da ake sayarwa yau da sunan jaz akwai lami, akwai na sa wa a ɗakin cin abinci don kada a ji ƙarar cokali. Amma a zamanin Parker ma akwai irinsu jibgi, zamani ne ya sheƙe su ya bar mana tsaba. Rashin adalci ne a ɗauko tsabar shekara sittin da aka riga aka sheƙe, a gwada ta da damin bana da ko sussuka ba a yi masa ba.

Wanda ke son ya ji tsabar bana, ga ta. Kamasi Washington ɗan gado ne, mahaifinsa ma mabushi ne. The Epic da ya fitar a 2015 faifai uku ne, kusan awa uku, da mabusa da 'yan goge da 'yan amshi, kuma duk mai kunne zai ji inuwar Coltrane da Pharoah Sanders a ciki. Makhathini na Afirka ta Kudu ya ɗora fiyanonsa a kan waƙe-waƙen Zulu, kamfanin Blue Note kuwa, wanda ya fitar da Monk da Art Blakey, shi ne yake fitar da shi tun 2020. Mai son tsohon salo tsantsa kuma ba a bar shi a baya ba, ga Samara Joy, yarinyar da aka haifa a 1999, tana waƙa bisa tafarkin Sarah Vaughan, har ta ci kyautar Grammy ta sabuwar tauraruwa a 2023. Wace irin gawa ce wannan mai haihuwa kowace shekara?

Ina ruwan ɗalibin Hausa?

Yanzu sai in juyo kan 'yan'uwana na cikin aji. Ruwanmu ne, har tsundum, kuma ga dalilai.

A darasin waƙar baka an koya mana gindin waƙa da ɗiyan waƙa, an koya mana jagora da 'yan amshi. To, wanda ya fahimci wannan ya riga ya fahimci ginin jaz. Mabusa sukan fara da wani ɗan kari da kowa ya sani, shi ne gindi. Sa'an nan kowane ɗaya ya fito ya ƙirƙiri nasa nan take a kan wannan gindi, su ne ɗiya. Daga ƙarshe a komo gindi a rufe. Abin da ya ɗaukaka Shata, wanda Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a 1975, shi ne iya shirya ɗa nan take a gaban jama'a, ba ya kuma maimaita waƙa daidai da yadda ya yi ta jiya. Wannan baiwar ita ce ake auna ɗan jaz da ita. Bambancin kawai, Shata da kalma yake yi, Parker da ƙaho.

Haka nan duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Ƙofar Nassarawa a ranar Hawan Nassarawa ya ga mai algaita ya kumbura kumatu yana busa ba yankewa. Dabarar ita ce, yana tara iska a kumatu yana tura ta cikin algaita, a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci. Da wannan dabarar ce Rahsaan Roland Kirk ya ba Amurkawa mamaki, mu kuwa a ƙofar gida muke ganin ta ba mu ko waiwaya.

Ba tunanina kaɗai ba ne. Paul Oliver a littafinsa Savannah Syncopators na 1970, da Gerhard Kubik a Africa and the Blues na 1999, sun kafa hujja cewa yawancin siffofin kiɗan bulus, wanda shi ne ƙashin bayan jaz, sun fi kama da kiɗan ƙasashenmu na Sudan masu goge da molo da jan murya, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Ana iya gardama da su, amma kafin a yi gardamar sai an karanta su, kuma wa ya fi ɗalibin Hausa cancantar shiga wannan muhawara?

Su kansu 'yan jaz sun san da mu, sun kuma tako sun zo. Armstrong ya zo Nijeriya a 1960, ya kai har Kaduna ya gana da Sardauna Ahmadu Bello. Randy Weston ya zo Legas a 1961, daga baya ya zauna a Tanja ta ƙasar Maroko yana kiɗa da 'yan Ginawa, jikokin mutanen da aka ƙetara da su Sahara daga ƙasashenmu. Amma babban abin da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai shi ne labarin Yusef Lateef. Wannan gawurtaccen mabushi ya bar Amurka ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya yi nazarin sarewar Fulani, ya yi faifai mai suna In Nigeria, kuma shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafin Hausa Performing Arts and Music a 1987. Mutum ya ƙetaro teku don ya durƙusa gaban mai sarewa, mu kuwa muna tambaya wai ina ruwanmu! A cikinmu nan, mutum nawa ne suka taɓa buɗe littafin nan?

Inda gizo ke saƙa

Na ce ciwo ɗaya ne ke damun ɓangarorin biyu. Ciwon shi ne ɗaukar kiɗa kamar kayan gidan tarihi, abin da za a kulle a adaka a riƙa leƙawa, a hana shi taɓa kowa, a hana kowa taɓa shi. Mai cewa jaz ya ƙare da Coltrane, shi ne dai za ka ji yana cewa waƙar Hausa ta ƙare da Shata a 1999, ko da Ɗan Maraya a 2015. Daɗin faɗa gare ta, domin ba ta ɗora wa mai faɗar ta wani nauyi. In abu ya mutu, ai ba sauran aiki sai ta'aziyya.

Ku dubi yadda wasu suka yi da nasu gadon. A 1991 Gary Crosby da Janine Irons suka kafa wata ƙungiya a London mai suna Tomorrow's Warriors, suna koya wa yara jaz kyauta, musamman 'ya'yan baƙar fata da 'yan mata. Ba su ce wa yaran su bar kiɗan da suke ji a gidajensu ba. Sun koya musu Parker da Blakey har suka nuna, sa'an nan suka sake su. Daga wannan makaranta Nubya Garcia ta fito, da Sheila Maurice-Grey ta ƙungiyar Kokoroko, da 'yan Ezra Collective. Jagoran Ezra ɗin, Femi Koleoso mai ganga, da ƙanensa mai bes, 'yan asalin Nijeriya ne. Femi ya ɗauki darasi a wurin Tony Allen, makaɗin Fela, shi kuwa Tony Allen daga faya-fayan Art Blakey da Max Roach ya tsinci hannunsa, har ya yi faifan girmama Blakey a 2017. Kun ga sarƙa ke nan, daga Blakey zuwa Legas, daga Legas zuwa London, ba inda ta tsinke. A 2023 Ezra Collective suka ci kyautar Mercury ta Ingila, su ne kuma 'yan jaz na farko da suka taɓa cin ta. Shekara 32 ke nan tsakanin shuka da wannan girbi.

Mu fa? Tun shekarun 1990 fiyanon situdiyo ya mamaye waƙoƙin finafinanmu, yana kwaikwayon kalangu da sarewa, masu kalangun da sarewar na gaske kuwa suna zaune a gefe. Ni ban ga laifin fiyano ba, na riga na ce kayan kiɗa bawa ne. Laifin namu ne. Yaron da ke son kiɗa a Kano yau, in ba ɗan gado ba ne, ina zai dosa a koya masa kukuma ko gurmi ko algaita? In ya ɗauka ma sai a kira shi maroƙi, a hana shi auren 'yar mutunci. In kuma ya yi ƙarfin hali ya haɗa gurmi da jita, mu ɗin nan masu nazari mu ne za mu fara cewa ya ɓata al'ada. Mun rufe masa ƙofar gaba, mun rufe ta baya, sa'an nan muna kukan ba magaji. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, muka yi ta murna. To, hawa ba algaita ba kakaki ai zagayen dawaki ne kawai. Wa ke koyon busa su yau?

Muna cika kundaye a kan salon Narambaɗa da jigon Ɗanƙwairo, kuma aiki ne mai kyau, Allah ya saka wa malamanmu da suka share mana wannan hanya. Amma galibin nazarinmu a kan kalmomi yake tsayawa. Mukan rubuce waƙa a takarda mu bar kiɗan a waje, kamar wanda ya feɗe rago ya ɗauki fata ya bar naman. Sauraren jaz, wanda yawancinsa ba kalma ko ɗaya, yakan tilasta wa kunne ya koyi jin abin da ganga da ƙaho ke faɗa. Wanda ya koyi wannan, in ya komo kan kotso da taushi zai ji abin da da can yake wuce shi.

Abin da nake roƙo

Ban zo da kuka kawai ba, ga shawarwari uku ga Ƙungiyarmu. Na ɗaya, a ware yamma guda a kowane zango don zaman saurare, a sa Shata a sa Coltrane, a sa Barmani Choge a sa Nubya Garcia, a yi muhawara da hujja. Ranar 30 ga Afrilu, wadda UNESCO ta keɓe wa jaz tun 2011, ta dace da irin wannan zama. Na biyu, a gayyato masu algaita da kukuma da gurmi da suka rage, ba don su yi mana wasa a ranar biki mu yi musu liƙi mu watse ba, a'a, don su zauna a kujerar malami su koyar, a kuma biya su kamar yadda ake biyan malami. Na uku, wani daga cikinmu ya ɗauki zaman Yusef Lateef a Zariya ya yi kundin digirinsa a kai, tun waɗanda suka yi aiki da shi ba su ƙare ba.

Ga dattawanmu na majalisar faifai kuwa, Allah ya ƙara muku girma, roƙona ɗaya ne. Ku ba sabon faifai abin da kuka ba tsoho, watau zama uku cikin natsuwa kafin yanke hukunci. In bayan haka kun ce bai yi muku ba, wannan haƙƙinku ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma kada ku ce ya mutu. Lalle da tsohuwar zuma ake magani, ba mai musun wannan. Sai dai duk tsohuwar zuma ta taɓa zama sabuwa, kuma wanda ya kori ƙudan zuma daga amya don yana da tsohuwa a tulu, jikokinsa ba za su sami ta magani ba.

Wanda yake da ja, ga fili ga mai doki, shafukan mujallar nan a buɗe suke. Allah ya sa mu dace, amin.